Mishan da Masu Bi a Ƙasar Kazaure

Wanda ya tashi daga Kano ya kama hanyar Daura, in ya wuce Dambatta sai ya ga ƙasa ta soma sauya kama, duwatsu suna ɗaga kai nan da can. To, ya shigo ƙasar Kazaure ke nan. Yamma da garin akwai Roni da Gwiwa, wajen iyakar Katsina. Arewa maso gabas kuwa, dab da iyakar Nijar, ga Babura. Tun 1991 duk cikin Jihar Jigawa su ke, amma a zamanin Turawa cikin Lardin Kano a ke lissafa su. Kazaure tana da Sarkinta tun daga Ɗantunku, wanda ya kafa sarautar wajen 1819, Roni da Gwiwa kuwa ƙarƙashinta su ke. Babura a wancan zamani ƙasar Sarkin Kano ce.

Galibin mutanen wannan yanki Musulmi ne tun kaka da kakanni. Akwai kuma Maguzawa a ƙauyuka, manoma na gaske, waɗanda suka daɗe suna riƙe da al'adun iyayensu. Ban da waɗannan akwai wata 'yar jama'a ta Hausawa Kirista, waɗanda a da aka fi sani da suna masu bi. Labarin yadda aka yi aka same su abin mamaki ne, gama Turawan da suka mallaki ƙasar, su kansu Kirista, su ne suka tsaya a bakin ƙofa wajen shekara 30 suka hana masu wa'azin addininsu shiga.

Tun kafin ƙafar ɗan mishan ta taka Kano an riga an zubar da jini a kan maganar Annabi Isa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, an yi wani malami a birni ana ce da shi Malam Ibrahim. Cikin Alƙur'ani ya yi ta bin wuraren da aka ambaci Isa ɗan Maryamu, har ya kai ga ɗaukaka shi fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Ya tara almajirai, aka riƙa ce musu Isawa. Da magana ta kai fada aka kira shi, aka nemi ya janye, ya ƙi. Sai aka tsire shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, waɗansu suka faɗa duwatsun Ningi inda hannun Kano ba ya kaiwa, waɗansu suka fake a ƙauyukan gabashin Zazzau. Su dai ba Kirista ba ne, ba su da Linjila a hannu, ba su san baftisma ba. Suna zaune ne kawai suna dakon ranar da wani zai zo musu da cikakken labarin wanda malaminsu ya mutu dominsa.

A ƙarshen 1893 waɗansu samari uku suka sauka Ikko da nufin su kai bishara ƙasar Sudan, watau ƙasashen Hausa da maƙwabtansu. Sunayensu Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Shi ne ya yi ta naci har ƙungiyarsa ta kafa tasha a Patigi a 1902, ita ce daga baya aka sani da suna Sudan Interior Mission, ko S.I.M. a taƙaice.

'Yan C.M.S., watau mishan na ekklesiyar Ingila, su suka fara isa Kano. A 1900 Bishof Tugwell ya taso daga Ikko da mutum huɗu, cikinsu har da wani saurayin likita, Walter Miller, wanda Hausawa suka sa wa suna Likita Mila. Shi Mila sai da ya fara zuwa Tarabulus ya zauna cikin Hausawa fatake da alhazai ya koyi harshen. Suka yi wata da watanni a hanya, suka shiga Kano, aka kai su gaban Sarki Alu. Suka ce sun zo ne su yi magani su koyar. Sarki ya ce ba a bukata, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Wanda ya duba lokacin ba zai ga baiken Sarki Alu ba. A ran 1 ga Janairu na wannan shekara Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, labarin sojansa kuma ya riga ya cika kasuwanni. Ina Sarki zai bambanta Baturen littafi da Baturen bindiga? Suka juyo, suka yada zango a Girku, nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya mutu. Sauran suka koma ba su sami ko mutum ɗaya ba.

A watan Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Can a Sakkwato Lugga ya tara manyan gari ya yi musu alkawari cewa Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulunci ba, kowa ya yi sallarsa yadda ya saba. Wannan alkawari shi ya zama tushen dukan abin da ya biyo baya. Shi Lugga abokin Likita Mila ne, bai kuwa hana shi zama a Zariya ba. Amma waɗanda suka gaje shi, da manyan Razdanoni irin su Temple da Palmer, sai suka fassara alkawarin da cewa kada ɗan mishan ya zauna a ƙasar Sarki Musulmi sam.

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka tashi da sunan Mahadi, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Ko da ya ke an murƙushe su, an shafe garin, tsoron bai bar zukatan Turawan mulki ba. Su 'yan kaɗan ne a ƙasa mai faɗi, haraji da jangali kuwa ta hannun Sarakuna su ke shigowa. Duk abin da zai ɓata wa Sarki rai, ko ya ba malamai abin faɗa, ba su son sa. Akwai kuma wani dalili da ba su cika faɗa a fili ba. Sun ga yadda yaran makarantun mishan na Kudu suka tashi suna rubutu a jaridun Ikko suna sukar Gwamna, ba su so a shuka irin wannan iri a Arewa. Su kuma Sarakuna, a wurinsu tsare addinin talakawa amana ce da suka gada daga Shehu, ba abin da za a yi ciniki a kai ba ne.

Saboda haka aka kafa shinge. Ɗan mishan ba ya kafa tasha sai da iznin Razdan, Razdan kuwa ya kan ce Sarki bai yarda ba, wani lokaci ma tun bai tambayi Sarkin ba. Akwai wata doka ta lafiya da ta ce gidan Bature ya nisanci gidajen 'yan ƙasa da yadi 440, wai don sauro, sai aka mai da ita sanda ta korar 'yan mishan daga cikin gari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutanen Kudu suka yi yawa, aka yanka musu Sabon Gari, aka bar su su gina majami'unsu a can, amma ban da ƙetare ganuwa da wa'azi. Wani abin dariya shi ne, Baturen da Gwamnati ta ba amanar buɗe makarantarta ta Nasarawa a Kano a 1909, watau Ɗan Hausa, da fari shi ma ɗan mishan ne na C.M.S. Sai da ya tuɓe wannan riga tukuna aka sakar masa 'ya'yan Sarakuna.

Likita Mila dai ya sami zama cikin birnin Sarki. Daga 1905 yana cikin Zariya da ɗan ɗakin magani da 'yar makaranta, ana ta kai ruwa rana da shi. A 1913 jikokin Isawa suka ji labarinsa suka zo, aka yi musu ƙauye a Gimi, suka karɓi baftisma. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira aka kwaso 'ya'yansu zuwa Zariya. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa. Daga wannan ɗan gida aka sami Dokta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East, da Farfesa Ishaya Audu.

To, cikin wannan matsi ne 'yan mishan suka gane wani abu. Dokar nan duk a kan Bature ta ke. Shi a ke ba izni, shi a ke auna wa yadi, shi a ke iya sa wa a jirgi a mayar gida. Amma Bahaushe mai bi, wa zai hana shi cin kasuwar Kazaure ko ta Babura? Wa zai hana shi zama a gindin bishiya ya yi hira da ɗan'uwansa manomi? Tun daga nan suka mai da hankali ga shirya 'yan ƙasa, don su ɗauki maganar zuwa inda ƙafar Bature ba ta zuwa. Babban makamin da suka samu shi ne Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, Likita Mila ne ya ɗauki mafi yawan nauyin fassarar. An buga shi da boko, don haka duk mai son ya bi sai ya koyi karatu. Wannan ya sa tun kafin Gwamnati ta fara Yaƙi da Jahilci, ana samun manomi a ƙauye wanda bai taɓa shiga elementare ba amma yana karanta wasiƙa, yana rubuta ta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar ta zo ta wuri biyu. Na farko, Gwamna Cameron, wanda ya yi mulki daga 1931 zuwa 1935, bai ga dalilin da za a riƙa tsare ƙasashen Sarakuna kamar kayan ajiya ba, ya sassauta. S.I.M. ta sami wuri a Kano a 1933. Na biyu kuwa, kuturta. Cutar nan ta yi yawa ƙwarai a Arewa a wancan zamani. En'e-en'e sun buɗe zangon kutare, amma samun ma'aikatan da za su zauna cikinsu su wanke gyambo kullum ya gagara. 'Yan mishan suka ce su za su yi. Wajen 1937 aka danƙa wa S.I.M. asibitocin kutare na Kano da Katsina da Sakkwato. Na Kano shi ne ya zauna a Yadakunya, na Katsina a Babbar Ruga, na Sakkwato a Amanawa. En'e ke ba da fili da kuɗi, mishan ke ba da likita da masu jinya. A 1943 kuma suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda makafi suka riƙa yi wa tururuwa har daga ƙasar Faransa, watau Nijar da Cadi.

Maganin kuturta na lokacin allura ce ta wani mai da a ke tatsa daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya. Allurar tana da zafi, sauƙin kuma ba ya zuwa da wuri, mutum ya kan yi shekaru a zango. Sai wajen 1950 aka soma ba da ƙwayar dafson, wadda aka gwada a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, aka ga tana kashe cutar. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da tabarma, ya zo ya tarar da wanda zai kama hannunsa ba ƙyama, ba abin mamaki ba ne in ya saurari abin da mai kama hannun ke faɗa. Yawancin majinyata da Musuluncinsu suka zo, da shi suka koma. Amma waɗansu sun bi, sun koyi karatu, sun koyi yin allura da ɗaurin miki. Da aka sallame su aka ba su takardar shaidar warkewa, sai suka zama su ne masu bishara na farko a ƙauyukan Kano da Katsina da Kazaure. Waɗanda duniya ta yar, su aka aika.

A wannan zamani ne S.I.M. ta sami iznin kafa tasha a Roni, cikin ƙasar Sarkin Kazaure, ta kuma buɗe makarantar kwana ta yara maza a can. Ta 'yan mata tana Kabo, makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa tana Tofa, yamma da Kano. Amma iznin da sharaɗi ya zo. Ba a wa'azi a kasuwa, ba a yi kusa da masallaci, ba a bin gida-gida sai inda mai gida ya yi kira. Daga baya aka ƙara da cewa yaron da iyayensa Musulmi ne, in bai kai shekara 18 ba, ba a koya masa addinin Kirista sai da yardar iyayensa. A kan wannan sharaɗi na ƙarshe an sha jayayya tsakanin mishan da Razdanoni da majalisun Sarakuna, musamman a kan marayu da 'ya'yan kutare waɗanda aka raba da iyayensu tun suna jarirai don kada su ɗauki cutar. Sarakuna suna ganin an shigo da magani ana kwashe 'ya'yan Musulmi. 'Yan mishan suna ganin yaron da suka raina da madara tun yana tsumma ba su da abin da za su ba shi da ya fi addininsu. Kowanne yana da abin faɗa, yaran kuwa su ke tsakiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin mai bishara ya kan ɗauki lokaci mai tsawo. Wanda ya ce ya ba da gaskiya ba a yi masa baftisma nan da nan. Sai ya shiga aji ya daɗe, ana duban zamansa da iyalinsa, da bashinsa, da bakinsa, in Bamaguje ne a ga ko ya rabu da tsafi da giya. Sa'an nan a sa shi haddar ayoyi. A nan 'yan mishan sun tarar da ƙasa a shirye, gama Bahaushe ya saba da hadda tun daga makarantar allo, ya kuma san darajar mutumin da ke jawo nassi da ka. Hikimar haddar ita ce, littafi ana iya ƙwace shi a ƙone, abin da ke cikin ka kuwa sai dai a bar mutum da shi.

Ana koya masa amsoshin tambayoyin da ba makawa sai an yi masa, gama ko'ina ya zauna guda uku ne za su fara fitowa: yaya za a ce Allah yana da ɗa, ashe ba an sauya Linjila ba, kuma an gicciye Annabi Isa ko ba a gicciye shi ba. Wanda bai shirya wa waɗannan ba, almajirin da bai sauke ba ma sai ya tsinka shi a gaban jama'a. Ana karanta masa labarin manzannin farko, yadda aka gurfanar da Bitrus da Yohanna gaban majalisa aka hana su magana suka ƙi bari, da yadda aka jajjefi Istifanus, da yadda Bulus ya tsaya gaban hakimai yana ba da hujjarsa cikin ladabi. Manufa ita ce ran da dogari ya zo kiransa kada ya ɗauka wani baƙon abu ne ya same shi.

Har wa yau ana koya masa sana'a. Mai bishara da ya sauka a ƙauye hannu rabbana, yana jiran albashin Bature, ba wanda zai saurare shi, sai a ce cikinsa ya ke wa wa'azi. Saboda haka ya kan zo da fartanya, ya roƙi gona wurin mai unguwa, ya yi noma kamar kowa. Wani ya zo da akwatin magani, wani da keken ɗinki. Matarsa ita ma an koya mata karatu, ita ke shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, ta wurin haihuwa da suna da jinyar yara. Da rani, in an gama aikin gona, su kan fita biyu-biyu, da 'yan littattafai na sayarwa, wani lokaci da garmaho mai faifan wa'azi da Hausa, abin da ke tara yara da manya cikin ƙiftawar ido. Ƙa'ida ce su fara gai da dagaci kafin su buɗe baki. In ya ce su wuce, sai su wuce, su dawo baɗi. Mafi yawan waɗanda suka karɓe su Maguzawa ne, domin su ba hukuncin ridda a kansu, ko da ya ke su ma dattawansu ba su ji daɗin ganin samari sun bar bukukuwan gida ba.

Kada mai karatu ya zaci abin da a ke tsoro takobi ne. Tun da Turawa suka zo ba a ƙara tsire kowa a kasuwa ba. Wahalar ta sauya kama, ta zama ta yau da gobe, irin wadda ba ta da amo. A shari'ar Malikiyya da alƙalai ke hukunci da ita, saɓanin addini yana hana gado, kuma aure ba ya tsayawa tsakanin Musulma da wanda ya bar Musulunci. To, wanda ya bi, ranar da uban ya mutu ba shi da ko taki ɗaya a gonar gado. Surukai su zo su tafi da 'yarsu, sau da yawa har da 'ya'yan. Gona kuwa a hannun dagaci da hakimi ta ke, in aka ce babu, babu. A kasuwa a ƙi sayen hatsinsa, a rijiya a ware masa guga, in ya mutu a rasa inda za a binne shi. In ya kai ƙara, gaban alƙalin da ke ganinsa mai ridda zai tsaya, Di'o kuwa ba ya son ya ji, don kada a ce Bature ya goyi bayan mishan. Mutane da yawa sun kasa jurewa sun koma. Waɗansu sun yi ƙaura zuwa Jos ko Kaduna ko Sabon Gari, inda ba wanda ya san asalinsu. Wannan ya sa masu bi suka ɗauki tara gudummawa da saukar da korarre a gida a kan wani sashe na ibada, gama wa'azin ƙarfin hali ba ya shiga kunnen wanda bai san inda zai kwana ba.

Ba kowane ƙarfin hali ne ya haifi alheri ba. A 1926 Ethel Miller, 'yar'uwar Likita Mila, ta buga wata ƙasida mai zafin harshe a kan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ran Musulmi ya ɓaci, Gwamnati ta fusata, Turawan da ke son a ci gaba da rufe ƙofa suka sami hujja a ɓagas. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan waɗanda ruwan ya fi duka su ne 'yan ƙasa, waɗanda ba su da wata Ingila da za su koma. Masu bisharar da suka daɗe a ƙauyukan Hausa, har aka riƙa kiransu sasanta rigima da rubuta wasiƙa, su ne waɗanda suka iya faɗin abin da suka gaskata ba tare da zagin abin da maƙwabci ke girmamawa ba.

Da mulkin kai ya matso, kiɗa ya sauya. A 1954 majami'un da S.I.M. ta kafa suka haɗu suka zama ekklesiya mai cin gashin kanta, ita ce E.C.W.A., da ƙungiyarta ta aika masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda jama'a ke ɗaukar nauyinsu da baikonsu. A 1958 hukumar Willink, wadda ta zaga ta ji koke-koken ƙananan kabilu, ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Aka yi haka, tsarin mulkin 1960 ya ba kowa ikon bin addinin da ya so, da sauya shi, da yaɗa shi. A takarda dai shingen Lugga ya faɗi.

Amma daga 1963 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya shiga rangadin musuluntar da waɗanda ba su da addinin littafi. Dubban mutane suka karɓi kalmar shahada a hannunsa. Masu goyon bayansa sun ce aikin kakansa Shehu ya ke yi, ba wanda aka tilasta. Kirista kuwa suka ce in Firimiya da kansa ya zo da hakimai da 'yan doka a bayansa, talaka ba ya iya cewa a'a, mai riƙe da sarauta kuma ya san abin da zai same shi in ya ƙi. A daidai wannan lokaci ne wani ɗan S.I.M., Gerald Swank, tare da shugabannin ekklesiyoyi dabam-dabam, suka fara shirin da aka sa wa suna Sabon Rai Don Kowa. Abin da shirin ya kawo sabo shi ne, ba fasto da mai bishara kaɗai za a shirya ba, kowane mai bi, mace da namiji, manomi da ɗan makaranta, sai a koya masa yadda zai ba da shaida da bakinsa. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, aka yi watanni ana koyarwa da ɗan littafin jagora, sa'an nan aka fita. Sardauna ya rasu a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, rangadin ya tsaya, amma 'yan Sabon Rai suka ci gaba, da gangunansu da waƙoƙinsu na Hausa.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da asibitocin kutare, Turawan mishan suka yi ta raguwa, aiki ya koma hannun 'yan ƙasa ɗungum. A 2000 Jihar Jigawa ta bi sahun jihohin Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, aka ce ba ta shafi wanda ba Musulmi ba. A watan Nuwamba 2003 rigima ta tashi a garin Kazaure a kan zargin wani ɓatanci a wata makaranta, aka ƙone majami'u da dama. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya maimaita haƙƙin nan na 1960, na sauya addini da yaɗa shi, amma Kirista a jihohin Arewa mai nisa sun sha kai kuka cewa samun takardar fili don gina majami'a ya fi ginin kansa wuya.

Jikokin waɗancan kutare da Maguzawa da yaran Roni sun haɗu da 'yan'uwansu Fulani da Barebari sun kafa ƙungiya, suka sa mata suna Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. Da gangan suka ɗauki kalmar Masihiyawa, daga Almasihu, don duk wanda ya ji ya san ba daga Sabon Gari suka zo ba, kakanninsu a nan aka binne su.